Me masu kamfani ke dubawa kafin su ɗauki ɗalibin talla aikin IT?

Wata ɗaliba da ta kammala ND (ƙaramar difloma) a fannin talla da kasuwanci a Kadpoly, kwalejin fasaha ta Kaduna, ce ta aiko da wannan tambaya a kan IT, wato horon sanin makamar aiki da ɗalibi ke yi a kamfani ko ma'aikata kafin ya shiga HND (babbar difloma): "Anti, ina wuni. Zan fara IT na shekara ɗaya kafin in koma HND. Sakamakona ba laifi, na kai takarda wurare da dama a cikin garin Kaduna amma har yau shiru kake ji. Ƙawayena sun ce in ba ki da hanya asarar kuɗin fotokwafi kawai kike yi. Don Allah mene ne ainihin abin da masu kamfani ke dubawa kafin su ɗauki ɗalibi?"

Lafiya lau ƙanwata, Allah ya yi wa karatu albarka. Na daɗe ina riƙe da sashen talla da sayarwa a wani kamfanin rarraba kayan masarufi a nan Kaduna, kuma duk shekara takardu irin taki sukan taru a teburina, daga Kadpoly, daga jami'ar jiha ta KASU, daga kwalejin fasaha ta Nuhu Bamalli da ABU a Zariya. Abin da zan gaya miki shi ne abin da ni da takwarorina muke tattaunawa in an rufe ƙofa ana zaɓen wanda za a kira.

In an taƙaita, wanda za a iya aika muke nema. Wanda in an tura shi kasuwa zai je da gaske, ya buɗe ido, ya dawo ya faɗi abin da ya gani ba ƙari ba ragi, in kuma an damƙa masa kaya ko kuɗi lissafi ya cika. Sakamako mai kyau yana sa a ɗaga takardarki a karanta, amma ban taɓa ganin manajan da ya riƙe ɗalibi don maki kaɗai ba.

Maganar hanya kuwa, ƙawayenki ba su yi ƙarya ba, rabin labarin dai suka ba ki. A bankuna da manyan kamfanonin waya da ma'aikatun gwamnati gurbi kaɗan ne, masu nema sun yi yawa, don haka wanda kawunsa ya ɗaga waya shi ake fara kira. Matsalar ita ce kusan duk ɗalibai waɗannan wuraren da kowa ya sani suke kai takarda, suna jerin gwano a titin Ahmadu Bello da na Yakubu Gowon. Ba sa tunawa da dilolin da ke zagaye da Kasuwar Gumi, da masana'antun Kakuri da Kudenda, da masu ruwan leda da na gora, da gidajen burodi, da masu sayar da iri da taki da abincin kaji, da makarantu masu zaman kansu, da sashen talla na gidajen rediyo. A irin waɗannan wurare sau da yawa mai wurin da kansa za ki tarar a zaune, kuma ƙarancin hannu ne ke damunsa. Har ila yau, wanda hanya ta shigar da shi, in ba a yarda da aikinsa ba, kujera ake ba shi a lungu ya yi ta danna waya har watanninsa su cika, a sa masa hannu a littafi ya kama gabansa. Ya yi IT a takarda, amma bai fito da komai ba.

Kina da wata fa'ida da ƙila ba ki lura da ita ba. Tsarin SIWES, wato horon aiki da ɗalibai ke yi a tsakiyar karatu, wanda hukumar horas da ma'aikata ta ITF ta fara a 1973, na 'yan watanni ne: ɗan kwalejin fasaha kan yi wata huɗu a tsakiyar ND, ɗan jami'a kan yi wata shida. Naki kuwa shekara ce cur, wadda ake buƙata kafin a shiga HND a ƙarƙashin ƙa'idar NBTE, hukumar kula da kwalejojin fasaha, wadda hedikwatarta ma a nan Kaduna take. A wurin mai kamfani wannan bambanci babba ne. Kafin ɗalibi ya san kayanmu da farashinsu da sunayen dilolinmu an ci wata biyu. Mai wata huɗu yana fara amfani ke nan sai ya ce zai koma makaranta. Ke kuwa za a more ki. Ki rubuta wannan a layin farko na takardarki, cewa shekara guda za ki yi, daga wata kaza zuwa wata kaza. Da yawa ba sa rubutawa.

Yanzu ga ainihin aikin. A aji an koya muku abubuwa huɗu: haja, farashi, wurin da mai saye zai same ta, da yadda za a tallata ta. Ɗalibai na huɗun suke so, saboda shi ne mai hoto da bidiyo da kiɗa. A Kaduna kuwa a na ukun ake asarar kuɗi. Ki biya gidan rediyo ya yi ta yayata sabulunki safe da yamma; in uwargida a Rigasa ta aiki yaro shagon bakin layi aka ce babu, mai shago zai miƙa masa wani iri, yaro ya kawo, a yi wanki, shi ke nan. Kuɗin tallarki ya sayar wa wani kamfani kaya. Shi ya sa mafi yawan aikin da za a ba ki na ƙafa ne: shiga shago, duba kanta, tambayar farashi, liƙa fosta, tsayawa a rumfar ɗanɗano, bin motar kaya.

An taɓa tura ɗalibai biyu Kasuwar Kawo ranar Talata, ranar da take ci, su dubo mana yadda wani garin sabulun wanki da muke rarrabawa ke tafiya. Na farko ya dawo da wuri da fara'arsa, ya ce, "Anti, alhamdulillahi, kaya na tafiya, mutane na so." Na ce shago nawa ka shiga? Ya ce da yawa. Nawa suke sayar da ƙulli ɗaya? Ya ce kamar dai yadda aka saba. Ta biyun sai bayan la'asar ta shigo, takalminta fal ƙura, ta ajiye mini wani ɗan littafi mai bangon roba. Ta ja layi ta raba kowane shafi gida biyar: layin da shagon yake, yana da kayanmu ko babu, ina ya ajiye su, nawa yake sayarwa, nawa yake sayar da na sauran kamfanoni. A ƙasan shafi na ƙarshe ta rubuta abu biyu. Na ɗaya, masu tebur sun daina rataye namu a gaba saboda launin ledar yana koɗewa a rana, mai saye ya zaci tsohon kaya ne. Na biyu, wani dattijo mai sari ya ce mata motarmu da hantsi take zuwa ranar kasuwa, lokacin da ba shi da sukunin ƙirga katan, shi ya sa yake cewa direba ya wuce. Ɗaya kamfanin kuwa ranar Litinin da yamma suke sauke masa, ya kwana da kayansa a shirye. Mun canza wa motar rana, mun kuma aika wa masu yin kayan ƙorafin ledar. Ba wanda ya ce mata ta tambayi dattijon nan komai. Ta ga babu kayanmu a babban shago, abin ya tsaya mata a rai, ta gaishe shi, ta jira ya sallami mutanensa, ta tambaya.

Na farkon ba maƙaryaci ba ne, ki lura. Yaro ne mai ladabi, kuma ladabin ne ya hana shi aiki. An tashe mu a kan cewa ba a kawo wa babba labari mara daɗi kai tsaye, in an tambaye ka sai ka ce lafiya lau. Wannan yana da kyau a zauren gida. A ofis kuwa labarin da ba shi da daɗi shi muka fi buƙata, kuma da wuri. In kaya sun yi kwantai a Sabon Tasha, gara in ji yau daga bakinki da in ji bayan wata biyu daga bakin dila yana dawo mini da katan-katan da kwanan watansu ya kusa ƙarewa. Akwai yadda ake faɗa cikin girmamawa: "Ranka ya daɗe, ga abin da na tarar, ga abin da masu shago suka ce." Ba rashin kunya a ciki.

Daga nan sai amana, kuma a kanta aka fi korar ɗalibai. Aikin talla cike yake da ƙananan abubuwan da ba wanda ke tsaye a kansu: samfurin da za a raba kyauta, riguna da huluna, bokitan garaɓasa, kuɗin keke, katin waya. Ɗalibi yakan ga ai ba komai ba ne in ya kai biyu gida. Manaja kuwa da waɗannan yake auna ki, don in bokiti goma sun zama takwas a hannunki ba zai ba ki rasit ki karɓo kuɗin dila ba. Akwai kuma wanda za a ba takardun tambayoyi ya zaga ya ji ra'ayin masu saye, sai ya sami inuwar mangwaro ya cike su duka da kansa. Muna ganewa. Amsoshin sukan fito sumul, babu wanda ya ƙi amsawa, babu wanda ya yi ƙorafi, kuma mukan zaɓi lamba biyu ko uku mu kira. Wani abu da ya yawaita tun ƙarancin takardar kuɗi na farkon 2023, da kowa ya koma tura kuɗi ta waya: kwastoma zai ce asusun kamfani ya ƙi karɓa, ki ba shi naki na OPay ko na banki ya tura, kya mayar daga baya. Kada ki yarda, ko da niyyarki fara ce tas. Ranar da lissafi ya rikice sunanki za a gani. Ki kira mai kula da ke ya faɗi yadda za a yi.

Sai lissafi. Da yawa sun zaɓi fannin talla ne don su guje wa lambobi, ga shi kuwa ba inda za a guje musu. Ba lissafi mai zurfi ake nema ba, na kasuwa ne. A ce dila ya sayi katan a kan naira 8,000 ya sayar 10,000. Ribarsa 2,000. In an auna da abin da ya kashe, kashi 25 cikin 100 ke nan; in an auna da abin da ya sayar, kashi 20 ne. Kamfani yakan yi magana da na biyun, ɗan kasuwa yakan yi tunani da na farkon, kuma na sha ganin gardama ta tashi a kan wannan alhali kowa gaskiya yake faɗa. Ɗalibar da ta fahimci wannan ta riga ta wuce rabin 'yan ajinta. Ko a ce an ba ki naira 20,000 ki yi talla a Facebook. Mutum 40 suka turo saƙo, 5 suka saya, ribar kowane ciniki 3,000. An sami 15,000, an kashe 20,000. Ɗalibi zai zo yana murna mutum dubu kaza sun ga tallar. Ni abin da nake so in ji shi ne an yi asarar 5,000, sannan a ce mini me ya sa sauran 35 ɗin suka yi shiru: farashi ne, kuɗin kai kaya ne, ko an daɗe ba a amsa musu ba ne? In kuma biyar ɗin nan za su riƙa dawowa duk wata, to lissafin ya canza, kuma wanda ya hango hakan da kansa shi ne ɗan talla.

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, farashi ya daina zama wuri ɗaya, kuɗin dakon kaya ya shiga cikin kowace shawara, mai saye kuma ya koma ƙaramin ƙulli, abin da zai ishe shi yau. Saboda haka jadawalin farashi abu ne da ake sabuntawa a kai a kai, kuma ɗalibi ake ba wa. Ki iya Excel ko Google Sheets gwargwadon jera bayanai, tarawa, fitar da kashi cikin ɗari, tace sunaye, da zana ɗan hoton da zai nuna hawa da sauka. Sati biyu sun isa ki koya in kin sa kanki. Kada ki rubuta kin iya alhali ba ki iya ba, don mukan juyo da kwamfuta mu ce bismillah.

Abu na gaba ya shafi garin nan musamman. Kaduna gari ne mai baki fiye da ɗaya. A Tudun Wada, Kasuwar Barci, Rigasa, Kawo, Badarawa, da Hausa ake ciniki, kuma ba a fara maganar kaya sai an gama gaisuwa, an tambayi kasuwa da iyali. Ki haye gada zuwa Barnawa, Kakuri, Narayi, Television, Sabon Tasha, za ki ji Hausar tana nan, amma Turanci da Buroka sun fi yawa a bakin masu shago da dama. A cikin Kasuwar Gumi kuwa layi ɗaya za ki yi magana da Bahaushe, da Ibo, da Bayarabe, da Banufe. Wadda za ta iya durƙusawa ta gaida Alhaji mai sari yadda ya kamata, ta fito ta yi raha da Madam mai kanti cikin Buroka, ta dawo ofis ta rubuta rahoto da Turanci mai tsafta, ita muke rububi. Na kuma sha samun ɗaliban da suke cewa su ba sa zuwa wancan ɓangaren gari, daga kowane ɓangare kuwa. Na san tarihin da ya jawo haka, ba na kuma tura kowa inda hankalinsa bai kwanta ba ko bayan duhu. Amma gaskiya ita ce kamfani ba ya sayar wa rabin gari, kuma wanda ya iya shiga ko'ina cikin mutunci ya fi samun wuri.

Sanin garin ya haɗa da sanin lokutansa. Ba a kai wa mai shago a Tudun Wada ziyara da azahar ranar Juma'a, ba a neman mai kanti a Narayi da safiyar Lahadi. Kawo Talata take ci, ta Kakuri Litinin. Sukari da madara da gero da man girki kasuwarsu kan buɗe gab da azumi, yadi da takalma gab da Sallah, shinkafa da kaji da lemo gab da Kirsimeti, littattafai da jakunkuna in za a koma makaranta a Satumba. In kamfanin iri da taki ne, ciniki kafin saukar damina ake yin sa, kuma manomin masara a Saminaka ko Giwa ba fosta ce ke sa shi canza iri ba, gonar gwaji ce da ya gani da idonsa a bakin hanya. Duk wannan kin san shi tun kina yarinya, sai dai ba ki ɗauke shi ilimi ba. Ki faɗe shi a wurin ganawa.

Batun waya da shafukan sada zumunta ba zan daɗe a kansa ba, don nan ne kowa ke cika baki. Kusan duk takardar da ta zo mini an rubuta ƙwarewa a Facebook da Instagram da TikTok. Yawan mabiya a shafinki na ƙashin kai bai dame ni ba. Abin da nake so: ki iya shirya kundin kaya a WhatsApp Business da hoto da farashi, ki iya haɗa fosta mai tsafta a Canva, ki yanka ɗan bidiyo a CapCut, ki ɗauki hoton haja da hasken rana ba tare da tarkace a bayanta ba, sannan, wanda ya fi duka, ki amsa saƙon kwastoma da wuri cikin ladabi ko da tambayar da aka amsa sau ɗari ya maimaita. Rubutun Hausa daidai ƙa'ida, da haruffa masu ƙugiya da rabon kalmomi, ƙwarewa ce da ta yi ƙaranci ƙwarai ko a cikin Hausawa, kuma kamfanonin da hedikwatarsu ke Legas kullum suna neman wanda zai gyara musu tallar da aka fassara ta fito ba daɗin ji. In kin iya, ki sa a takardarki. Ki kuma sani mukan leƙa shafin mutum kafin mu kira shi. Wanda ya cika zagi da habaici da cacar baki a kan addini ko ƙabila, ba mai ba shi makullin shafin kamfani.

Akwai ɗan sanin doka da ke burge manaja, don yana nuna ba za ki jawo masa tara ba. Tun 2022 hukumar ARCON ta maye gurbin APCON wajen kula da harkar talla, kuma ƙa'ida ita ce a tantance talla kafin a sake ta, har da ta intanet. Abinci, magani, da kayan shafe-shafe sai da amincewar NAFDAC, ba a kuma cewa abu yana warkar da cuta don kawai a ja kasuwa. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sa lambobin wayar kwastomomi sun zama amana: ba a kwashe su a ba wani, ba a tura mutane cikin zauren WhatsApp ba da izninsu ba. Ba lauya ake so ki zama ba. Ki dai san inda ake tsayawa a tambaya.

To, ta yaya za ki nuna duk wannan tun ba a ɗauke ki ba? Nan ne nake so ki fi mai da hankali, don shi zai raba takardarki da sauran. Ki zo da shaida. Ba gidan da babu mai sana'a: mama tana turaren wuta, yaya yana gyaran waya, maƙwabciya tana cincin da dambun nama. Ki karɓi tallar ɗaya daga ciki na sati shida. Ki rubuta cinikin da ake yi kafin ki fara, ki ɗauki hotuna, ki buɗe kundin WhatsApp, ki gwada kai samfur shaguna biyar, ki rubuta abin da ya faru. Ko da ciniki bai ƙaru ba, ki rubuta dalilin da kike zato. Shafi ɗaya ya isa. Ko kuma, in kin riga kin san kamfanin da kike so, ki yi masa aikin kafin ya sa ki: ki zaga Kasuwar Barci da Kawo da Sabon Tasha, ki rubuta farashin kayansa da na abokan takararsa biyu a shaguna goma-goma, ki lura da wanda aka fi ajiyewa a gaba, ki maƙala wannan a bayan takardar neman gurbi. Manajan da ya buɗe ambulan ya ga bayanin kasuwarsa da shi kansa bai da shi a hannu, zai nemi lambarki. Takardun shaidar kwasa-kwasan kyauta na Google da HubSpot da Meta ba laifi, ki yi in kina da data, amma bayan wannan suke zuwa.

Takardar kanta shafi ɗaya. Lambar waya mai shiga, adireshin imel mai ɗauke da sunanki na gaskiya, unguwar da kike zaune (muna dubawa, don mun san kuɗin keke daga Mando zuwa Kakuri kullum ba wasa ba ne, kuma wanda ke nesa shi ke fara makara). Ki rubuta sunan kamfanin daidai, ki faɗi abu ɗaya da kika sani game da kayansa. A 'yan shekarun nan wasiƙu sun koma iri ɗaya sak, Turanci mai santsi wanda ChatGPT ya rubuta, kowa mai hazaƙa ne mai kishin aiki. Ba na hana amfani da shi, ni ma ina yi, amma in na karanta sakin layi biyu ban ga Kaduna a ciki ba, ban ga ke a ciki ba, sai in ajiye. Ki kai da kanki, da safe, ranar Talata zuwa Alhamis, ki gaida mai gadi da sakatariya da mutunci don su ne ke yanke hukuncin inda ambulan zai kwana. Bayan sati ki koma ki tambaya. Komawar nan ma gwaji ce, don aikin sayarwa rabinsa bibiya ne.

In an kira ki ganawa, ki zo kafin lokaci, cikin shigar da za ki iya shiga kasuwa da ita. Ni ba na tambayar ma'anar talla, na san an haddace. Nakan ce: wane man girki ake amfani da shi a gidanku, wa ke zaɓa, a ina ake saye, nawa ne yanzu, me zai sa a canza? Wadda ta ce, "Baba ke ba da kuɗi amma Mama ke faɗin iri, da galan muke saye yanzu mun koma kwalba, kuma a wurin mutum ɗaya muke saye don yana ba mu bashi zuwa ƙarshen wata," ta gama amsa mini duk abin da ke cikin manhajarku. In an tambaye ki abin da ba ki sani ba, ki ce ba ki sani ba amma za ki bincika. Ke ma ki yi tambaya: wa zan riƙa kai wa rahoto, wane aiki za a ba ni a watan farko, akwai kuɗin mota?

Tambayar kuɗin ba abin kunya ba ce, a ƙarshe dai ake yin ta. Wasu wuraren suna ba da ɗan alawus, wasu kuɗin mota kawai, wasu ba komai. In zaɓi ya zo tsakanin babban ofis mai sanyi inda za ki yi shekara kina fotokwafi, da ƙaramin dila da zai sa ki bin mota kina rubuta oda, ni dai na biyun zan ce ki ɗauka, muddin kuɗin zuwa da dawowa ba zai gagare ki ba. Amma ki kiyayi wurare uku. Wanda ya ce ki biya kuɗin rajista ko ki sayi kaya kafin ki fara, kina kawo mutane ana ba ki kaso, wannan ba IT ba ne. Wanda zai ɗora miki adadin asusun da za ki buɗe ko kuɗin da za ki kawo a wata, ba horo, ba kuɗin mota, sai la'ada in an dace, aikin ma'aikaci yake so kyauta. Na uku, a matsayinki na 'ya mace: duk ogan da ya mai da ganawa otal, ko ya ce ki raka shi wurin kwastoma da dare, ko ya fara cewa kyanki ne zai kawo ciniki, ki tattara takardunki. Ki gaya wa gida, ki gaya wa jami'in da ke kula da IT a makaranta, a sauya miki wuri.

In kin samu, ki riƙe littafin kanki ban da na makaranta, kina rubuta abin da kika yi da lambobinsa: shaguna nawa, oda nawa, wane ƙorafi, me aka yi a kai. Kafin ki tafi ki roƙi takardar kammalawa da ta faɗi ayyukan da kika yi dalla-dalla, ba wadda ta ce kin kasance mai ladabi kawai ba, don ita za ki nuna wajen shiga HND, ita kuma za ki nuna bayan hidimar ƙasa.

In kuma shirun ya ci gaba, ki sa ido a kan bajekolin ƙasa da ƙasa da ƙungiyar 'yan kasuwa ta KADCCIMA ke shiryawa a filinta na hanyar Zariya, wajen Rigachikun, yawanci a watannin farko na shekara. Kamfanoni kan zo daga Legas da Kano da Abuja, kuma kusan kowace rumfa tana neman matasan da za su tsaya mata na 'yan kwanaki, musamman masu jin Hausa da Turanci. Manajojin da ba za ki taɓa samu a ofis ba suna nan a tsaye cikin rigar kamfani. Ki je kwana ɗaya ko biyu kafin a buɗe, lokacin da ake kafa rumfuna, da kwafin takardarki kamar goma a jaka, ki tambayi wa ke kula da rumfar.